Saƙon da sel-sel na jiki ke aika wa juna: wane bincike ne ya fi yi mana amfani?

Auwal Rikkos: Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na wannan gida, barkanmu da dare. Don Allah taimako nake nema. Malaminmu na bayokemistiri ya ba mu aiki, wai kowa ya zaɓi bincike guda ɗaya a fannin yadda sel-sel na jiki, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jiki, ke aika wa juna saƙo, wanda yake ganin ya fi kowanne tasiri, ya kare zaɓinsa a shafi biyu. Ni dai gsky abin da muka saba hadda ce, cAMP, G-furotin, wannan ya kunna wancan wancan ya kunna na gaba, kibiya nan kibiya can, mu zana mu zubar a jarrabawa, amma in aka ce min wanne ne a ciki ya taɓa rayuwar mai sayar da dankali a kasuwar Farin Gada ta Jos wlh ban san ta ina zan fara ba. Waɗanda suka riga mu shiga aiki ku faɗa mana abin da kuka gani.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Auwalu. In ni ne ba zan yi dogon tunani ba, Earl Sutherland zan ɗauka. Ka ga kafin shi kowa ya san in mutum ya firgita adirenalin na fita, hanta ta saki sukari cikin jini, amma ta yaya hantar ta ji labari, nan ne aka tsaya. Shi da Ted Rall a Cleveland ta Amurka wajen 1957 suka niƙa hanta, suka juya ta a inji har ta rabu biyu, ɓangaren da ke da fatar sel ya kwanta ƙasa, ruwan ciki ya tsaya sama, kuma enzayim ɗin, wato furotin ɗin da ke farfasa gilaikojin (sukarin da hanta ke ajiyewa) ya zama sukari, a ruwan saman yake. Suka zuba adirenalin a ruwan saman shi kaɗai, shiru. Suka zuba a na ƙasan, suka dafa shi, suka ɗebi ruwan suka zuba wa na saman, sai ga enzayim ya tashi aiki. Ma'ana akwai wani ɗan ƙaramin abu da fatar sel ke ƙerawa in homon, wato sinadarin saƙo irin adirenalin, ya taɓa ta daga waje, wanda ko tafasa ba ta kashe shi, shi ne cAMP ɗin da kuke haddacewa. Kamar dai baƙo namiji ne ya zo gidan mutane, a ƙofa yake tsayawa ya yi sallama, yaro ne zai kai maganar ciki, amma gidan duka sai ya motsa. An ba shi Nobel a 1971 shi kaɗai. Duk wanda ya zo bayansa tambaya ɗaya ya gada, wa ke karɓar sallamar, wa ke aiken yaron, kuma me yaron ke yi in ya shiga.

Ummi: Malam ina wuni. To me cAMP ɗin ke yi in ya shiga ɗin? mu a aji cewa kawai aka yi yana kunna kainez

Malam Sani: Lafiya lau Ummi. Wannan ɓangaren na Edmond Fischer da Edwin Krebs ne, a Seattle, 1955, da tsokar zomo suka yi aiki. Akwai abin da nake so ɗalibai su riƙa ji a labarin nan. Sun lura in suka tace ruwan tsokar da takardar tacewa enzayim ɗin na juyewa ya zama mai aiki, in suka juya a inji kuma ba ya juyewa. Wani da sai ya ce matsalar kayan aiki ce ya wuce, su kuwa suka tsaya a kai, ashe kalsiyam ne a jikin takardar, kuma sai da ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a sel, abin ke yiwuwa. Daga nan suka gane ana ɗauko fosfet guda daga ATP a liƙa wa furotin ya kunnu, a cire ya mutu, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Mai liƙawar shi ne kainez. Sai a 1992 aka ba su Nobel, kusan shekara arba'in bayan aikin, kuma da aka ƙirga a 2002 an samu kainez sun haura 500 a jikin ɗan Adam. Kin ga abin da aka fara da zomo ya zama hanyar da kusan kowane sel ke bi wajen yanke shawarar ya rabu, ya girma, ko ya mutu.

Kabiru Famasi: Malam ranka ya daɗe ban ƙi ta taka ba amma Auwal cewa ya yi mai dankali, to ni daga kantar magani zan ba shi amsa. Auwal in ka samu lokaci ka biyo ta shagonmu wajen Terminus in nuna maka da idonka. Inhelar salbutamol ta masu asma, atenolol da losartan na hawan jini, piriton na mura da ƙaiƙayi, cimetidine na olsa, tramadol, duk waɗannan fa iyali ɗaya suke taɓawa, risefta, wato masu karɓar saƙo, masu ratsa fatar sel sau bakwai, ana kiransu GPCR. Kusan 800 ne a jikinmu kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su a kansu suke aiki. Har goron da kakanninmu ke ci don kada barci ya ɗauke su, sinadarin kafeyin da ke ciki riseftar adenosin yake toshewa, ita ma ƴar gidan ce. Robert Lefkowitz ya fara farautarsu tun 1968 da homon mai alamar rediyo, a 1986 da Brian Kobilka suka fito da jinin halittar riseftar adirenalin sai suka ga ashe ƙirarta ɗaya da wadda ke karɓar haske a ido, 2011 Kobilka ya fito da hotonta tana riƙe da G-furotin a daidai lokacin da take miƙa saƙo, 2012 Nobel. Ni wannan zan rubuta.

Sista Ladi: Sannunku da aiki. Na karanta duka kuma ina jin daɗi, amma ku yi haƙuri ni zuciyata ba ta wajen Nobel. Duk wanda ya taɓa aiki a tantin masu kwalara da damina ba zai manta ba. Gado mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, mutum ya shigo idanu sun faɗa, ka ja fatar cikinsa ta tsaya ba ta koma ba, murya ta dushe, jijiya ka nema ka rasa inda za ka sa ruwa, abin da ke fita fari fat irin ruwan wankin shinkafa, babba yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. Kuma abin da ke dawo da yawancinsu ba wani abu mai tsada ba ne, ruwan gishiri da sukari ne a kofi, kurɓi kaɗan kaɗan, uwa na riƙe da cokali. Na ga yaron da aka kawo kamar ba zai kwana ba, da safe yana neman koko. Auwal ƙanena in binciken da ya fi ceton rai kake nema, ka nemi wanda ya haifi ORS, wato wannan ruwan gishiri da sukari.

Malam Sani: Sista ai kin kawo mu gida. Kin san me kwalara ke yi? Ƙwayar cutar ba ta cin hanji, guba take saki. Sambhu Nath De na Kalkata ne ya nuna haka a 1959, ya tace ƙwayoyin ya cire su tsaf, ya zuba ruwan kawai a hanjin zomo da ya ɗaure, hanjin ya cika da ruwa ya kumbura. Gubar nan in ta shiga sel na hanji G-furotin take kamawa, shi ke tsakanin risefta da enzayim mai ƙera cAMP, kuma a ƙa'ida yana kunnuwa ne na ɗan lokaci ya kashe kansa. Gubar sai ta liƙa masa wani abu da zai hana shi kashe kansa, cAMP ya yi ta taruwa, ƙofar kuloraid ta buɗe ta ƙi rufuwa, gishiri ya yi ta fita cikin hanji ruwa na binsa. Bokitin da kike gani a ƙarƙashin gado cAMP ɗin Sutherland ne. Har ma Alfred Gilman da Martin Rodbell da aka ba Nobel a 1994 kan G-furotin, gubar kwalara na cikin kayan da aka yi amfani da su wajen gano shi.

Pam: Baba Malam, da girmamawa, nan kam zan ɗan ja da kai. Bayanin cutar daidai ne amma maganin ba daga can ya fito ba, mu duba shekaru. Robert Crane ya bayyana a 1960 cewa hanji na shigar da sodiyam da gulukos tare ta ƙofa ɗaya, ɗaya ba ya shiga sai da ɗayan, ruwa kuma ya bi su. Likitoci a Dhaka da Kalkata suka gwada suka ga wannan ƙofar gubar kwalara ba ta taɓa ta. 1971 lokacin yaƙin Bangladesh Dilip Mahalanabis yana sansanin ƴan gudun hijira a Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare, ya haɗa gishiri da sukari a durom ya ce ƴan uwan marasa lafiya su yi ta ba su, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. To yaushe aka gano abin da gubar ke yi wa G-furotin? 1978. An riga an ceci mutane da shekaru. Saboda haka ORS ɗin Sista ba ɗan fannin saƙo ba ne, ɗan fannin shige da fice na fatar sel ne, in Auwal ya rubuta shi malami na iya cewa ya bar tambaya.

Sista Ladi: Pam ni ko ɗan wane fanni ne, yana aiki

Pam: Yana aiki Anti, ba musu. Abin da nake nufi shi ne mu daina koya wa yara cewa kullum sai an gane hanya kafin a samu magani. Sau da yawa maganin ne ke riga. Insulin ma haka, Banting da Best sun fitar da shi a Toronto a 1921, Janairun 1922 aka yi wa yaro ɗan shekara 14 allura ya tashi, amma sai 1982 aka gane riseftar insulin ita kanta kainez ce. Shekara sittin ana ceton mutane da abin da ba a san yadda yake magana da sel ba.

Malam Sani: Na karɓi gyaran shekarun Pam, haka suke. Amma ban yarda ganewar ba ta ƙara komai ba. Tunda ka kawo insulin, sai da aka gane cewa aikinsa shi ne ya sa sel na tsoka ya fito da ƙofofin sukari, GLUT4, daga ciki zuwa fata, sannan aka fahimci me ya sa mai ciwon suga nau'i na biyu insulin ɗinsa na nan amma sukari ba ya sauka, saƙon ne ke maƙalewa a hanya. Kuma aka ga motsa jiki na fito da ƙofofin nan ta wata hanya dabam da ba ta jiran insulin. Shi ya sa in likita ya ce wa dattijo ya riƙa takawa bayan cin tuwo ba maganar fatar baki ba ce.

Dakta Maryam: Slm, yanzu na fito daga aiki na tarar da wannan, Allah ya saka. Pam ga misalin da ganewa ta riga magani, tiryan-tiryan. Akwai kansar jini da ake kira CML. 1960 Nowell da Hungerford a Philadelphia suka ga wani guntun kuromozom a jinin masu ita. 1973 Janet Rowley ta nuna ashe kuromozom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Daga baya aka gane haɗuwar na haifar da kainez guda, BCR-ABL, wanda ba ya mutuwa, kullum yana ce wa fararen ƙwayoyin jini su rabu. Sai aka zauna musamman aka ƙera ƙwaya da za ta shiga gurbin da ATP ke zama a jikinsa ta toshe, mutane da yawa a lokacin suna cewa ba zai yiwu ba tunda duk kainez gurbin ATP gare su, za a kashe mai kyau da marar kyau. Brian Druker ya gwada a marasa lafiya daga 1998, cikin 54 da suka sha cikakken awo 53 jininsu ya dawo daidai. 2001 aka amince da imatinib. Ina gaya muku na ga mutum ya zo saifa ta cika masa ciki har ba ya iya cin abinci ya ƙoshi, ya rame, bayan ƴan watanni a kan ƙwayar nan ka laluba ka rasa saifar. Cutar da da take kashewa cikin ƴan shekaru yanzu mutum na aurar da ƴaƴansa da ita. Auwal wannan ne amsar tambayar malaminka, domin daga Fischer da Krebs har kan gadon asibiti layin bai yanke ba.

Kabiru Famasi: Dakta sai dai kuɗin

Dakta Maryam: Kuɗin kam da ba don shirin tallafi ba da ba mu gan shi ba. Shekaru da yawa asibitin koyarwa na Ile-Ife ne cibiyar da ake karɓarsa kyauta, ka yi tunanin mutum daga Filato ko Bauchi da ciwo a jikinsa ya hau mota har can, kuɗin mota kaɗai ya sa wasu sun yanke sha, in ka yanke kuma cutar na dawowa, wani lokacin ta dawo da canjin da ƙwayar ba ta kama shi. Wannan na ci min rai sosai. Ilimin ya gama nasa, mu ne ba mu kai shi ƙofar mutane ba.

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Ni ba ɗan fannin ba ne, matata ce ta yi karatun ta sa ni a gidan nan, ina dai bi a hankali. Tambayata Dakta, duk wannan ci gaban ina sikila a ciki? Yarona in sanyin Jos ya shigo daga Disamba ba ma barci, safa biyu, ruwan ɗumi, duk da haka sai ƙafa ta tashi. Ana cewa mu ne muka fi kowa yawan masu ita a duniya.

Dakta Maryam: Wa alaikas salam Baban Khalifa, Allah ya ba shi lafiya ya ba ku lada. Haka ne, an ƙiyasta wajen jarirai 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Najeriya. Kuma abin da zai ba ka mamaki sikila ce cutar farko da aka gane tushenta a matakin furotin, Linus Pauling 1949, sannan Vernon Ingram a 1956 zuwa 1957 ya nuna amino asid ɗaya tak ne ya canza a wuri na shida. An riga kowa sanin dalili amma magani ya yi jinkiri, nan maganar Pam na da ƙarfi ta wata fuskar. Inda ta haɗu da zancenmu shi ne iskar nan naitirik oksaid. Robert Furchgott ya gano a 1980 cewa shimfiɗar cikin jijiyar jini na sakin wani abu da ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe, daga baya aka gane iska ce, shi da Ignarro da Murad suka karɓi Nobel a 1998. To a mai sikila jajayen ƙwayoyi na fashewa a cikin jijiya, himogulobin ɗin da ya zube sai ya shanye iskar nan, jijiyoyi su tsuke, ana danganta hakan da gyambon ƙafa da hawan jinin huhu da suke fama da su. Da aka gane haka sai aka ce to bari a ba su sildenafil, maganin ƙarfin maza, tunda yana ƙarfafa wannan saƙon, a takarda komai ya yi daidai, amma a 2009 dole aka dakatar da gwajin a Amurka saboda waɗanda ke shan sa sun fi samun tashin ciwo. Ina faɗa wa ɗalibai wannan don su san zanen allo ba jikin mutum ba ne, sai an gwada.

Ummi: Anti Dakta to wanda aka ce an samu na warkewa gaba ɗaya fa?

Dakta Maryam: Shi ma daga irin wannan binciken ne Ummi. Jariri na zuwa da himogulobin na ciki wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ba a cika ganin ciwon ba sai bayan wata shida. A 2008 aka gano furotin BCL11A ne ke kashe shi bayan haihuwa. Maganin Casgevy da aka amince da shi ƙarshen 2023 a Ingila da Amurka abin da yake yi ke nan, a ciro sel na ɓargo a raunana BCL11A a mayar, na jarirai ya dawo. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Wanda ke hannunmu shi ne hydroxyurea, shi ma himogulobin na jarirai yake ɗagawa, kuma a asibitin Malam Aminu Kano an yi gwaji mai kyau da ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Wannan a gida aka yi, da yaranmu.

Pam: Kuma kada a manta da Niprisan, maganin sikila na cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Idu Abuja, daga haɗin gargajiya aka ɗauko shi, masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce, aka yi masa gwaji aka fara sarrafa shi a 2006, daga baya harkar ta tsaya kan matsalar kuɗi da kamfani. Abin da ke damuna ke nan. Muna da marasa lafiya, muna da tsirrai, muna da ƙwaƙwalwa, amma ka sa samfur a firiza wuta ta ɗauke kwana da kwanaki ka dawo ka tarar ya lalace, sinadarin gwaji sai an yi odarsa da dala ya zo bayan watanni. A ɗakin gwajin da nake, ɗalibi zai zo da buri ya ce zai duba wace hanya ganyen ke taɓawa a sel, ƙarshe sai ya ba ɓera ruwan ganye ya auna sukari ya rubuta ya sauka, a tsaya nan. Ba laifinsa ba ne. Amma mataki na gaba, wace risefta, wane kainez, nan ne ake samun magani na gaske kuma nan ne muke tsayawa.

Kabiru Famasi: Tunda Dakta ta ambaci sildenafil bari in yi wannan jan kunnen don akwai maza da yawa a nan. An ƙera shi ne don ciwon ƙirji na zuciya, a gwaji aka ga ɗayan aikin, 1998 ya shiga kasuwa. Yana hana farfasa cGMP, ɗan saƙon da ke buɗe jijiya, wanda naitirik oksaid ke sa a ƙera. To mai ciwon zuciya da ke shan maganin naitiret, irin wanda ake sa wa ƙarƙashin harshe, shi kuma ƙara iskar yake yi. In aka haɗa biyun jini na iya faɗuwa warwas mutum ya tafi. Kuma yawancin abin da ake tallatawa a bayan mota da lasifika ko a shayi ana cewa na gargajiya ne zalla, an sha kamawa da sildenafil a ciki ba a rubuta ba, ba ka san awon da ka sha ba. Dattijo mai hawan jini da suga shi ne ya fi neman abin kuma shi ne ya fi haɗari. Don Allah ku gaya wa iyayenmu ta hanyar da ta dace.

Na biyu tramadol. Yaran da ke zuwa suna neman mai miligiram 225, wanda ma ba awon asibiti ba ne, in ka tambaye su sai su ce da guda ɗaya na isa yanzu ba ya yi. Wannan ma ɗakin binciken Lefkowitz ne ya bayyana babban ɓangarensa, in aka dami risefta da saƙo ba hutu sel na liƙa mata fosfet, wani furotin arestin ya zo ya rufe ta, har a janye ta ciki, sai ka buƙaci ƙari kafin ka ji abin da ka ji jiya, in ka daina kuma jiki ya rikice. Da na fahimci haka na daina yi musu kallon marasa tarbiyya kawai, jikin ne ya canza, suna buƙatar asibiti, ba bulala ba. Ga farfaɗiya da yake jawowa in awo ya yi yawa. An hana sirop na kodin a 2018 amma buƙatar ba ta tafi ko'ina ba.

Malam Sani: Pam kada ka karaya gaba ɗaya. Ka duba gwajin CREOLE da ya fito a 2019, Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ne ya jagoranta, ƙasashen Afirka shida, mutum sama da 700. An daɗe da sanin cewa baƙar fata da yawa hawan jininsu ba ya tafiya da yawan renin, sinadarin da ƙoda ke saki don ɗaga hawan jini, shi ya sa magungunan da ke toshe wannan hanyar ba sa yi mana aiki sosai su kaɗai. Gwajin ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda babu. Wannan tambayar tamu ce, mu muka yi ta, kuma ta canza abin da likita zai rubuta a nan. Ba sai mun gano sabon G-furotin ba, mu tambayi yadda hanyoyin da aka gano suke a jikinmu, da abincinmu, da cututtukanmu. Ko nan Jos da muke sama da mita 1,200 akwai abin dubawa, Semenza da Ratcliffe da Kaelin sun samu Nobel a 2019 kan HIF, yadda sel ke gane iska ta yi ƙaranci ya sa ƙoda ta saki homon EPO a ƙara jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a ɗan gyara ma'aunin ƙarancin jini ga mazauna tudu. Ɗalibi na iya kwatanta jinin masu ciki a nan da na Shendam ko Langtang da ke ƙasa, ba ya buƙatar injin miliyoyi.

Pam: Wannan kam zai yiwu Baba, na rubuta shi. Amma ina nan kan bakana cewa in ba a gyara wuta da firiza ba, a nan za mu tsaya.

Auwal Rikkos: Kai jama'a Allah ya saka da alheri, na kwafe komai. Ina ganin G-furotin zan ɗauka, Gilman da Rodbell, saboda ta nan zan iya haɗa cAMP na Malam da kantar Yaya Kabiru da tantin Anti Ladi, sannan in kawo maganar Yaya Pam cewa ORS ya riga ganewar kuma ta wata ƙofa yake bi. Dakta ki yi haƙuri ban ɗauki naki ba, Ummi ta ce ita shi za ta rubuta.

Dakta Maryam: Ba komai, amma ka tabbata ka bayyana yadda G-furotin ke kashe kansa, yana farfasa GTP, sinadarin da ke kunna shi, ya koma GDP, in ba ka sa wannan ba labarin kwalarar ba zai tsaya ba. Ummi ki neme ni ta gefe in nuna miki hoton jinin CML.

Sista Ladi: Auwal ka sa awon ma ko a ƙasan shafi ne. In da fakiti, fakiti ɗaya a lita ɗaya na ruwa mai tsafta, kada a raba kada a ƙara. In babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Matsalar da muke gani iyaye na cika gishiri ko su haɗa a ƙaramin kofi, wannan na iya cutar da yaro. A ba da zinc kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono, wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo. In yaro ya kasa sha ko yana ta amai ko ya yi laushi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.

Baban Khalifa: Dakta hydroxyurea ɗin zan iya saya a kemis in fara ba shi?

Dakta Maryam: A'a Baban Khalifa don Allah kada ka fara da kanka. Da nauyin yaro ake auna shi, kuma yana iya rage fararen ƙwayoyin jini da na daskarewa, dole a yi gwajin jini kafin a fara sannan a riƙa maimaitawa. Ka kai shi asibitin da ke da kilinik na sikila, ka tambaye su shi, ka kuma tambaya ko suna yin hoton jijiyoyin kai na TCD, daga shekara 2 zuwa 16 ake yi wa yara duk shekara. Shekarunsa nawa yanzu?

Baban Khalifa: Bakwai zai cika bayan sallah. Ba a taɓa yi masa hoton ba.

Dakta Maryam: To wannan ne na farko, kada ya wuce watan nan. Ka tafi da katinsa da duk sakamakon gwajin da kuke da shi a gida.